Matasanmu shida na son zuwa Sudan ta Kudu aikin bishara na mako uku, me kwamiti zai shirya?

Sakataren Mishan, Sabon Gari:

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Kwamitin mishan na ikkilisiyarmu a nan Sabon Garin Zariya ne ya sa in kawo wannan tambaya. Matasa shida, maza huɗu mata biyu, sun kawo takarda suna roƙon ikkilisiya ta aike su Sudan ta Kudu aikin bishara na mako uku a watan Agusta, lokacin dogon hutu. Akwai nas ɗaya, malaman makaranta biyu, mai haɗa sola ɗaya, sauran biyun ɗalibai ne a Samaru. Wanda ya gayyace su wani fasto ne da suka san shi ta Facebook. Ya ce ikkilisiyarsa tana bayan garin Juba, babban birnin ƙasar, kuma zai kai su arewa wajen 'yan gudun hijirar da ke tsallakowa daga Sudan. Zumuntar Mata har ta fara tara gwanjo da magunguna da madarar jarirai ta gwangwani.

Muna neman bayani dalla-dalla daga waɗanda suka san aikin: takardu, allurai, kuɗi, tsaro, da abin da ya kamata dattawa su yanke kafin a ɗora musu hannu.

Rabaran mai ritaya, Wusasa:

Salama, ɗana. Allah ya yi wa yaran albarka da wannan nawaya da ya sa musu. Amma ku ajiye maganar biza tukuna, ku fara da gayyatar, don har yanzu ba ku da ita. Saƙon mutum ɗaya a waya ba gayyata ba ne. Takardar da za ku yi aiki da ita sai ta fito daga ofishin ɗarika, da sa hannun bishop ko babban sakatare. Manyan ikkilisiyoyin ƙasar sanannu ne: Katolika, Anglikan da suke kira Episcopal, Presbyterian, Africa Inland Church, da Sudan Interior Church wadda ta fito daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM, tushe ɗaya da ECWA ke nan. Ku tambayi faston nan wace ce tasa, sannan ku bi ta wata ƙofa daban ku tabbatar. Hedikwatar ɗarikarku ta rubuta wa tasu. Kada ku kira lambar da shi ya ba ku ku ce kun yi bincike.

Ikkilisiya guda kuma kada ta aika mutane ƙasar yaƙi ita kaɗai. EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, tana Jos tana aika masu bishara tun 1948. Ƙungiyar mishan ta CAPRO kuma a nan Zariya aka haife ta a 1975. Ku shiga ƙarƙashin inuwar wata ƙungiya irin wannan ko sashen mishan na ɗarikarku, don ranar da abu ya lalace ana bukatar ofishin da ya san wa zai kira.

Takardar gayyata ta ƙunshi sunan kowa da lambar fasfonsa, ranar shiga da ta fita, gidan da za su kwana, wanda zai tarye su a filin jirgi, aikin da kowane mutum zai yi, da sunan wanda in ya ce a tashi, an tashi. Ku yi wa masu masaukin tambaya uku a rubuce. Wane aiki ne mutanenku ba za su iya ba sai an zo daga Nijeriya? Nawa zuwanmu zai ci muku na mai da abinci da tafinta? Da za mu turo kuɗin jirgin mu zauna a gida, me za ku yi da shi? Amsar ta ukun takan buɗe wa kwamiti ido.

Agusta kuskure ne. Damina a can tana kamawa daga wajen Afrilu har Oktoba ko Nuwamba, ƙasar arewa da gabas kuwa baƙar laka ce mai danƙo, irin ta fadama, mota in ta shiga sai a bar ta. Tun 2019 ambaliya take cin jihohin Jonglei da Unity da Upper Nile shekara bayan shekara. Rani, daga Disamba zuwa Maris, hanya takan buɗe, amma hanyar da ta buɗe muku ta buɗe wa masu bindiga da masu satar shanu. Zafin Maris kuma ba wasa ba ne, a 2024 sai da gwamnati ta rufe makarantu saboda shi. In za a je, Janairu ya fi dama-dama.

Maganar arewa ku cire ta gaba ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023 mutane suke kwararowa ta iyakar Joda zuwa garin Renk a jihar Upper Nile. A Renk ɗin aka ayyana ɓarkewar kwalara a Oktoba 2024. A Maris 2025 an gwabza a Nasir, cikin wannan jiha ta Upper Nile, a watan ne kuma aka yi wa mataimakin shugaban ƙasa Riek Machar ɗaurin talala a Juba. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Satumba 2018 ba ta hana hakan ba. Wurin ƙwararrun ma'aikatan agaji ne masu jirginsu da rediyonsu, ba wurin baƙin mako uku ba.

Takardu: fasfo mai sauran aƙalla wata shida daga ranar dawowa, da shafi biyu zuwa uku babu hatimi. Biza ta intanet ake nema, a ɗora takardar gayyata, a buga amincewar a riƙe a hannu. A faɗi gaskiyar dalilin zuwa, wanda ya rubuta yawon buɗe ido aka same shi a kan bagade ya jawo wa mai masaukinsa tuhuma. Kada a sayi tikitin da ba a iya canza ranarsa kafin biza ta fito. Bayan an sauka akwai rajistar baƙi a ofishin shige da fice cikin kwana uku, nan mutane suka fi yin sake, sai ranar fita a tare su a filin jirgi da tara. Kowa ya riƙe ƙananan hotuna takwas da kwafin fasfo da biza guda huɗu, kwafi ɗaya ya zauna a ofishin ikkilisiya. Hanya mafi sauƙi ita ce daga Kano ko Abuja ta Adis Ababa. Ku zaɓi jirgin da zai sauka Juba da rana.

Mama Nas, Shika:

Baba Rabaran ya gama da takardu, bari in ɗauki ɓangaren jiki. Malam Sakatare, ba a fafe gora ranar tafiya, allurai a fara su mako takwas kafin tashi.

Ta zazzaɓin shawara ita ce dole. Katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. A karɓi katin a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, a yi allurar da gaske. Wanda ya sayi kati a bakin titi kansa ya cuta. Sai ta sanƙarau mai nau'i huɗu, da ta taifot, da ta tetanos in an wuce shekara goma. Ta ciwon hanta nau'in B tilas ce ga nas ɗin: tsarinta na asali rana ta farko, bayan wata ɗaya, bayan wata shida, in lokaci ya ƙure akwai na gaggawa, rana ta farko, ta 7, ta 21, da ƙari bayan shekara. Ta cizon mahaukacin kare biyu ce, mako ɗaya tsakani, kuma ba ta ɗauke wa wanda kare ya ciza zuwa asibiti, sauƙaƙa maganin take yi. Rigakafin kwalara na sha sau biyu ne, mako biyu tsakani, in an samu.

Kafin allura ma a tace mutanen. Mai juna biyu ba ta zuwa. Mai sikila ba ya zuwa, zafi da ƙishirwa da zazzaɓi su ne ke tayar da ciwon, jinin ƙari kuma ba a nan kusa yake ba. Mai ciwon suga da ke kan insulin, wanda sai da firji, ba ya zuwa. Mai farfaɗiya ko asma mai tsanani haka. Mai hawan jini ya tafi da maganin mako shida a jakar hannu, ba na mako uku ba. Kowa ya rubuta rukunin jininsa da maganin da jikinsa ba ya so a ƙaramin kati ya sa cikin fasfo.

Mutanenmu suna raina maleriya wai mun saba da ita. Sabo ba ya hana ta kwantar da mutum a inda asibiti yake da nisan yini guda. Kowa da gidan saurensa mai magani da igiyar ɗaurawa. A tafi da abin gwajin jini na yatsa guda 20 da Coartem na mutum goma. Shan sa sau shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu, da abinci mai maiƙo ko madara don ya shiga jini. Wanda ya ji sauƙi a rana ta biyu ya daina, zazzaɓin zai dawo masa. In likita ya ga a sha na rigakafi, doksisaikilin ne mai araha: miligiram 100 kullum, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ci gaba mako huɗu bayan dawowa, a sha da cikakken kofin ruwa, kada a kwanta nan take don yana ƙona maƙogwaro. Mefilokwin ni ba na ba da shawararsa a irin wannan tafiya, yakan kawo munanan mafarkai da fargaba, wurin kuwa ya riga ya ishi mutum da fargaba.

Ruwa shi ne babban abin. Yawancin gidajen Juba motocin tanka ke ɗebo musu daga kogin Nilu su zuba a duro. Ko a tafasa ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 guda ɗaya a jarka mai lita 20 in ruwan garau ne, a jira minti 30. In ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a sa biyu. Mutum shida za su sha jarka biyu a rana cikin zafi, ku sayi ƙwaya 100. Da wannan ruwan za a wanke baki. Gudawa in ta zo, a lita ɗaya a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe, ba a tula ba. In ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba, a kama hanyar asibiti ana shayar da shi a mota.

Yanzu kayan Zumuntar Mata. Iyayena mata, ku yi haƙuri, madarar gwangwanin nan ku mayar da ita. A sansani da gurɓataccen ruwa za a dama ta, babu wurin tafasa bulumboti, uwa ta rage ba da nono ruwan nonon ya ja baya, gwangwani ya ƙare bayan mako biyu, jariri ya rasa duka biyun ga gudawa. Yaron da tamowa ta kama, wanda damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, kada a cika masa ciki da tuwo ko shinkafa don tausayi, yana iya mutuwa a kan haka. Cibiyar masu tamowa ake kai shi, suna da madararsu da suke farawa da ita kaɗan-kaɗan. Magungunan da aka tara daga gidaje, rabin kwalba da sauran kati, ba sa tafiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin kyauta ya isa da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace, kuma wanda asibitin can ya nema. Tiramadol da kodin da diyazefam kada su shiga jakar kowa. Nas ɗin kuma lasisinta na Nijeriya bai ba ta ikon duba marasa lafiya a wata ƙasa ba, masu masauki su nema mata rajista a can, ta yi aiki cikin asibitinsu ƙarƙashin ma'aikacinsu. Kafa tebur a gindin bishiya ana raba farasitamol ba aikin lafiya ba ne.

Mai Sufurin Agaji, Kwangila:

Mama, sannu da ƙoƙari. Ƙari ɗaya a jakar nas: maɗaurin tsayar da jini na gaske, biyu zuwa uku, kuma duka shidan su koyi ɗaura shi. Sama da raunin da faɗin yatsu uku, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin a jikin mutumin, kada a kwance.

Yallaɓai Sakatare, haɗarin ɗan jihar Kaduna shi ne ya ce ai mun ga hanyar Birnin Gwari, mun ga shingen sojoji, me zai ba mu tsoro. A gida kana jin yaren wanda ya tare ka, ka san kakinsa, ka san wanda za ka kira. A can ba ka da ko ɗaya. Yaƙin da ya fara a Juba ranar 15 ga Disamba 2013 tsakanin magoya bayan shugaban ƙasa Salva Kiir da na Riek Machar ya bi layin ƙabila, musamman Dinka da Nuer. Saboda haka kada ɗanku ya tambayi kowa ƙabilarsa, kada ya yi maganar tsagar goshin mutum, kada ya ambaci sunan shugaba a wa'azi ko a addu'ar fili. Direba da tafinta masu masauki ne za su zaɓa, don direban da lafiya lau yake a wannan unguwa, shinge na gaba yana iya zama ajalinsa. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A Janairu 2025 an far wa shagunan 'yan Sudan a Juba har aka sa dokar hana fita. Ɗan Zariya mai hasken fata da ya sa jallabiya da hula ba shi da bambanci da ɗan kasuwar Khartum a idon mai fushi. Riga da wando kawai. Duk abin da ya yi kama da kayan soja, wando mai dabbare-dabbare, koren jaka, babban but, a bar shi gida.

Hoto ya sa an tsare baƙi da yawa. Filin jirgi, gadar Nilu, soja, ginin gwamnati, ayarin motoci: waya ta zauna a aljihu. Babu jirgin ɗaukar hoto, babu oba-oba, wayar tauraron ɗan'adam kuma sai da izinin hukuma. A share wayoyi kafin tafiya, duk bidiyon rikici da ake turawa a WhatsApp ya fita, don a shinge ana buɗe waya. Kada kowa ya sa inda suke a Facebook sai sun dawo.

A shinge a rage gudu tun daga nesa, a kashe kiɗa, a sauke gilashi, a cire tabarau, hannu a inda ake gani. Mutum ɗaya ke magana, ɗan gari. A fara miƙa kwafin fasfo, na ainihi sai an nace. Ba gardama, ba dariya, ba wa'azi. Tafiya tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. Kwalta ba ta nufin aminci: hanyar Juba zuwa Nimule kilomita 192 ce shimfiɗaɗɗiya, a kanta aka kashe sistoci biyu na Katolika a Agusta 2021. A bayan gari akwai nakiyoyin da suka rage tun yaƙe-yaƙen baya. Ko fitsari ne a yi shi a kan turbar da ƙafa ke bi, jan fenti a dutse ko a sanda alamar haɗari ce, ƙarfen da ba kai ka yar ba kada ka ɗauka.

In harbi ya tashi a gari, ba gudu filin jirgi ake yi ba. A Yuli 2016 an yi kwana huɗu ana faɗa a Juba, jirage suka daina tashi, har aka shiga wani masaukin ma'aikatan agaji. A kwanta ƙasa a ɗakin da bango biyu ya raba shi da waje, nesa da taga, ba leƙe. Gidan ya kasance da ruwa da busasshen abinci na kwana biyar tun ranar da suka sauka. Garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi in an bari ya shiga, duk suna aiki. Kowa da ƙaramar jakar gudu a gefen shimfiɗa: fasfo, katin allura, kuɗi, magani, tocila, cajar ajiya, ruwa, kaya sawu ɗaya.

Kada ku sa rai wani zai kwashe su. Jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya ma'aikatan ƙungiyoyin da ke da rajista suke ɗauka. MAF, ƙungiyar jiragen mishan, na ɗaukar ma'aikatan ikkilisiya, amma da shiri tun da wuri ta hannun masu masauki, kuma ƙaramin jirgi ne, ana auna mutum da kayansa. Kowa ya tuna ɗalibanmu na Khartum a 2023, yadda aka kwashe su a bas suka yi kwanaki a iyakar Masar kafin a ɗauko su daga Aswan. Wannan fa dubban mutane ne da duk ƙasa ke magana a kansu. Duk da haka a kai sunayen yaran ofishin jakadancin Nijeriya a Juba a kwana biyun farko.

Inshorar tafiya ta yau da kullum tana da layin da ya cire yaƙi da tarzoma, ku nemo layin ku karanta. Abin da ake bukata shi ne ɗaukar mara lafiya a jirgi zuwa Nairobi. AMREF Flying Doctors suna wannan aiki, ku tabbatar a rubuce cewa matakin da kuka saya ya haɗa da Sudan ta Kudu.

Kuɗi dala ce a hannu, kada ku dogara da kati. Sabbin takardu, irin ɗari mai shuɗin zare da aka fara fitarwa a 2013, babu yagewa, babu tabon biro, in ba haka ba a ƙi karɓa ko a karya farashinta. A haɗa da ƙananan takardu. A raba wa mutum uku, kada ma'aji ɗaya ya ɗauke duka. A riƙa canzawa kaɗan-kaɗan don fam ɗinsu na faɗuwa da sauri. Wanda ya riƙe sama da dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan tun daga Nijeriya. Kowa ya ɓoye abin da zai saya masa tikiti zuwa Nairobi ko Entebbe, wannan ba a taɓa shi ko da wa ya zo da kuka.

Sai kiran gida. A sayi layin MTN da na Zain, don in ɗaya ya ɗauke. Sau biyu a rana, 7 na safe da 6 na yamma agogon Juba, wato 6 da 5 a Zariya, don sun riga mu da awa ɗaya. Mutum ɗaya ke karɓa a gida. In an wuce awa biyu shiru, ya kira mai masauki, sannan ofishin ɗarikarsu, sannan hedikwatarku. Ba ya sanarwa a zauren WhatsApp na ikkilisiya.

Sakataren Mishan, Sabon Gari:

Mun gode, iyaye. Na karanta wa dattawa. Wasu sun ce wannan lissafi duka ƙarancin bangaskiya ne, wanda Ubangiji ya kira shi zai tsare shi. Yaran kuma sun ji kamar ana kashe musu gwiwa. Me za mu ce musu?

Rabaran mai ritaya, Wusasa:

Ka ce wa dattawa su buɗe Ayyukan Manzanni sura 9. Da aka yi niyyar kashe Bulus a Dimashƙu, 'yan'uwa cikin kwando suka zurara shi ta bayan ganuwa da dare, ba wanda ya ce masa ya rasa bangaskiya. Baƙon da ya ƙi tashi kuma ba ransa kaɗai ya jefa ba. Mai masauki ba zai gudu da iyalinsa ya bar shi ba, kujerar motar da matarsa za ta zauna baƙo ne zai hau.

Saboda haka a rubuta sharuɗɗan janyewa tun a Zariya, kowa ya sa hannu. Misali: an sa dokar hana fita, an rufe filin jirgi ko da na yini ɗaya, ƙungiyoyin agaji sun fara rage ma'aikata, ko mai masauki ya ce ku tafi. Ɗaya ya faru, sun tashi, ba taron addu'a don neman tabbaci, ba ƙuri'a. A kuma duba lamarin sau uku kafin tafiya: saura wata ɗaya, saura mako ɗaya, da daren tashi. Kwamiti ya yarda tun yanzu cewa kuɗin tikiti na iya salwanta.

Akwai takardun da ba a son magana a kansu. Kowa ya rubuta wasiyya da sunan magajinsa. Iyaye ko mata ko miji su sa hannu cewa an faɗa musu haɗarin a fili. Ikkilisiya ta rubuta matsayinta a kan kuɗin fansa, wa zai yi magana da masu garkuwa, wa zai yi da 'yan jarida. Kowa ya bar tambaya biyu da amsarsu a rufaffiyar ambulan, abin da shi kaɗai ya sani, kamar sunan da kakarsa ke kiransa, don a gane yana raye in wani ya kira ya ce yana hannunsa. A kuma yanke inda za a binne mutum in ta Allah ta kasance. Wanda ya kasa zama a yi wannan magana da shi bai shirya ba tukuna.

Ma'ajiya, Tudun Wada:

Baba, da izininku, ni ina ganin shida sun yi yawa. Mutum shida mota biyu ne, ɗaki uku, tafinta biyu. Cikinsu wanda aikinsa zai tsaya bayan ya tafi shi ne mai sola, sai malaman in horar da malamai za su yi, ba karɓe aji ba. Mai sola ya tafi da mitarsa da ƙananan kayan aiki, faranti da batir a saye su a Juba ko Kampala, don babban batirin litiyam ba ya shiga jirgin fasinja, cajar ajiya ma a jakar hannu take tafiya. Ya ɗauki samari biyu na wurin su yi komai tare, ya bar musu zanen wayoyin da fiyus na canji. Abin da ke kashe solar asibitin mishan yawanci ƙura ce a faranti da jona abin da ya fi ƙarfin batir. Gwanjo kuwa kuɗin awon kaya zai fi kuɗin sayensa a kasuwar Konyo Konyo ta Juba, a sayar da shi a nan a tura kuɗin.

Ɗaliban biyu da nas, in nawayar 'yan gudun hijira ce da su, ga sansanoninsu a arewacin Yuganda. Bidibidi a gundumar Yumbe an buɗe ta a 2016, ga Rhino Camp, ga Adjumani. Mutanen Sudan ta Kudu ne da fastocinsu da ikkilisiyoyinsu, ba a harbi. Shiga sai da takardar izini daga ofishin Firayim Minista na Yuganda, ikkilisiyar da ta gayyace ku ce za ta nema.

Ko ina aka je, kada a ɗaura abinci da wa'azi. Ƙa'idar ma'aikatan agaji ta 1994 ta hana, kuma cikin masu tsallakowa daga Sudan Musulmi suna da yawa. In aka ce sai ka zauna sujada za ka karɓi sabulu, ku kun tafi, faston wurin ne zai sha zargin. Baƙo ba ya rabon kaya da hannunsa, buhu ɗari a gaban mutum dubu turmutsutsu ne. A ba shugabannin ikkilisiya su raba da jerin sunayensu bayan kun tafi. Kalmar "za mu gani" a kunnen mai bukata alkawari ce, in ba za ku iya ba ku ce ba za ku iya ba. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro. Kada a tsayar da matar da aka kashe mijinta a ce ta ba da shaida a gaban jama'a, ko a buɗe mata da wa'azin gafara ranar farko. Wa'azi ta bakin tafinta ninki biyu yake ci, a shirya na minti 15 da gajerun jimloli, a koyi gaisuwa da Larabcin Juba.

Mai Sufurin Agaji, Kwangila:

Yaya, na yarda da rage mutane. Yuganda ma dai a duba labarin Ebola kafin tashi, ta ɓulla a 2022 da farkon 2025, kuma agogonsu awa biyu ya riga namu, a gyara lokacin kira. Kafin a kashe ko sisi, a kai duka shidan wata tashar bishara a ƙauye mako guda, ba wuta ba famfo, ƙarƙashin mai bisharar wurin. Wanda ya kasa bin umarninsa a nan ba zai bi na mai masauki a shinge ba.

Mama Nas, Shika:

Ranar da suka dawo kada a ɗora su a bagade Lahadin farko. A ba su kwana biyu su yi barci, sannan wani babba da ba ya cikin kwamiti ya zauna da kowa shi kaɗai, a sake zama bayan mako shida. Firgita da ƙarar ƙofa ko rashin barci a makonnin farko ba abin mamaki ba ne; in ya wuce wata ɗaya ana haka, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Duk zazzaɓin da ya zo cikin wata uku a gwada jini ranar, a gaya wa likita ƙasar da aka fito da garuruwan da aka kwana. Masu shan doksisaikilin su cika mako huɗunsu.